Daƙiƙa Ashirin na Mahaifina a Faifai

A watan azumin da ya gabata, wani ɗalibina ya turo mini tsohon bidiyon Hawan Daushe da aka ɗora a YouTube. Ina cikin kallo sai na hango mahaifina, Allah ya jiƙansa, bisa doki cikin ayarin hakiminmu. Bai wuce daƙiƙa ashirin ba ya wuce, amma shi ne hotonsa mai motsi ɗaya tilo da na taɓa gani. Nan take na sauke bidiyon domin in kai wa Hajiya.

Idon Hajiya ya yi rauni, ba ta iya tantance fuska a allon waya. Abin da ke ɗakinta talabijin ne da tsohuwar na'urar DVD da take kallon tafsiri da ita. Na sayi faifai, na kwafi bidiyon a kansa kamar yadda nake kwafar takardun ofis, na kama hanyar gida. Aka tayar da janareto, jikoki suka cika ɗaki. Na'ura ta yi ta juya faifai, daga ƙarshe ta ƙi shi. Hajiya ta dube ni ta ce, "To Dakta, ashe karatun bai zo nan ba?"

Kunya ta sa na zauna na koya. Bidiyon intanet yawanci MP4 ne, tsohuwar na'ura kuwa MPEG-2 ta sani, kuma sai an jera shi cikin jaka mai suna VIDEO_TS. Bugu da ƙari, talabijin ɗin ƙasarmu tsarin PAL yake bi, hoto 25 a daƙiƙa guda, saɓanin NTSC na Amurka. Na sami manhajar DVDStyler, wadda kyauta ce, ta juya bidiyon zuwa wannan tsari, sannan na ɗura shi a sabon faifai sannu a hankali, domin gaggawa kan ɓata aikin.

Da na koma, hoto ya fito tar. Hajiya ta matso kusa, ta yi shiru, can ta ce, "Babanku ne." Sau bakwai ta sa na maimaita. A na ƙarshe ta fara nuna sauran mahayan, ta faɗi sunayen uku daga cikinsu da gidajensu, har da wanda ya ara wa mahaifina dokin.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Mu 'yan boko mun ɗauka duk abin da ya hau intanet ya tsira, alhali ana iya goge shi gobe, kuma waɗanda suka san mutanen da ke ciki ba su da hanyar ganinsa. Ina kira ga ɗalibanmu, musamman na tarihi da na Hausa, su sauke irin waɗannan hotuna, su mayar da su faifai, su kai wa dattawa, su rubuta abin da suka ji. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Hajiya ta haura tamanin.