Yankari: Daɗin Ruwan Wikki Da Nisan Asibiti

Daga garin Bauchi zuwa dajin Yankari tafiya ce ta sama da kilomita 100. Idan kika ɗauki hanyar Gombe, a Dindima za ki karkata, ki miƙe har ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar kuma da sauran kusan kilomita 40 a cikin daji kafin ki isa masaukin Wikki. A 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Gida ne ga giwaye da ɓauna da gwanki, ga kuma gwaggon biri da ke yawo a tsakiyar masauki kamar shi ya biya kuɗin ɗaki.

Abin da ke jan yara shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau har kina hango yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana. Da na kai yarana lokacin hutu, su ruwa suke kallo, ni kuwa idon ma'aikaciyar jinya tsawon hanyar da muka baro yake lissafawa. A wuri irin wannan, uwargida, kafin a kai ga likita ke ce likitar.

Mu fara da ruwan. Yaron da ke nutsewa ba ya iya ihu, shiru yake yi, don haka a sa babba guda wanda aikinsa kallon yara kawai, ba waya a hannu. Idan aka tsamo yaro ba ya numfashi, kada a danna masa ciki ko a juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fita. Kwantar da shi rigingine, ki ɗaga haɓarsa, ki toshe hancinsa, ki hura masa iska a baki sau 5. Sai ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, ki hura sau 2, ki yi ta maimaitawa yayin da wani ke neman taimako. Ko ya farfaɗo garas, a kai shi asibiti a ranar.

Gwaggon biri kuwa leda yake bi. Yaron da ya riƙe biskit a hannu ya gayyato shi. Idan ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibiti don allurar rigakafin cutar haukan kare.

Sai macizai, waɗanda ba a raba daji da su. Yankin Gombe da Bauchi ya san kububuwa, shi ya sa asibitin Kaltungo ya yi suna wajen jinyar saran maciji. Abin da muka gada shi ne ɗaure ƙafa tamau, a yi tsaga, a tsotse dafi. Duk ukun ɓarna suke ƙarawa, ɗaurin ma yana iya jawo a yanke ƙafa. Ki cire zobe da awarwaro kafin kumburi, ki hana ƙafar motsi da sanda da ƙyalle ba tare da matsewa ba, a ɗauke shi kada ya taka, a kula da lokacin da abin ya faru, a nufi asibiti.

Jakata ba ta da nauyi: bandeji, filasta, sabulu, farasitamol na yara, tocila, da ƙullin gishiri da sukari. In ya ƙare, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri sun wadatar ga mai gudawa.

Amma karatu a waya ba ya koya wa hannu danna ƙirji. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana ba da horo, ko ku haɗu a unguwa ko Islamiyya ku gayyato nas ta nuna muku. Ki koya kafin hutu mai zuwa, sannan ki kai su Wikki su sha wanka. Allah ya tsare mana zuri'a.