Jabel ba ya son "a ƙara kaɗan"

Yau ba zancen riba ko rabon asusu ya kawo mu ba. Zancen ruwa ne, da wani kuskure da muka yi a bazarar da ta wuce, wanda saura ƙiris ya raba mu da ɗaya daga cikinmu. Mun yi shawara a taro, muka ga gara mu tona kanmu da a ce wata ƙungiya ta taka inda muka taka.

Mu 28 ne a ƙungiyarmu. Muna da ƴar garka a bakin gari, muna noman salati da tumatir da yakuwa. Da ribar shekara biyu muka gina tankin suminti, mai zurfi har ƙirjin babbar mace, muna tara ruwan ban-ruwa a ciki. To, kun san zafin bazara. Da rana ta take, ɗiyanmu sai su sulale su faɗa tankin nan suna iyo. Ƙananan kuma, waɗanda ba su isa zuwa garka ba, sai mu cika musu babban bahon roba a tsakar gida, su yini a ciki suna wasa. Ruwa na da tsada wajen ƴan garuwa, don haka ruwan bahon nan yakan kwana biyu, wani lokaci uku, ba a zubar ba. Mu dai muna ganin mun yi dubara.

Ba a yi sati uku ba sai ciwo ya shigo. Wannan ɗanta na zawo, waccan ɗiyarta ido ya yi ja yana kwantsa, wata kuma ƙuraje sun feso ma nata a jiki. Akwatin taimako, wanda muke zuba ma dala biyar-biyar kowace Laraba don rashin lafiya da haihuwa, ya soma yin sauƙi a hannu. Ma'ajiyarmu ta ƙirga a gabanmu, ta ce a wata guda jika 14 suka fita, duk sayen magani. Tsoro ya kama mu, don ba mu manta da kwalera ta 2018 da ta taso daga wajen Madarunfa ba, balle ta 2021 da ta ratsa Maraɗi da Damagaram da Tawa. Duk macen da ta ga waɗannan shekarun, in ta ji an ce "zawo" sai gabanta ya faɗi.

Muka leƙa tanki muka ga bangonsa ya yi kore shar da gansakuka, ƙasansa kuma santsi kamar an zuba kuɓewa. Aka ce a wanke. Wata yayarmu, mace mai himma wadda ba ta jiran a ce mata, ta ɗauki aikin. Ta kwashe ruwan, ta sayo jabel lita guda, ta haɗa da ragowar asid ɗin nan na wankin karo da masai da ta samo a gidan da take aiki. A tunaninta, ƙarfi biyu ya fi ƙarfi guda. Ta shiga cikin tankin, ta tuttule su tare, ta duƙa da buroshi.

Yarinyar da ke riƙe mata bokiti ce ta yi kururuwa. Da aka jawo ta waje tari take kamar ranta zai fita, hawaye na zuba, ba ta iya haɗa kalma biyu. A bisa amalanke aka kai ta likita. Allah ya yi da sauran kwana, amma ta fi sati tana jin ƙirjinta kamar an zuba barkono.

Majon likita bai yi mana faɗa ba. Zaunar da mu ya yi, ya ce: "Iyayena, jabel in ya gamu da asid, wata iska mai guba yake saki. Iskar nan ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya. Wanda ya duƙa cikin rami ko tanki, a tsakiyarta ya sa hancinsa." Ya ce ba asid na kanti kaɗai ba, har ruwan lemun tsami da binegar haka suke yi. Kuma kada a haɗa jabel da kowane irin maganin wanki ko na masai. Abokinsa guda ne tak: ruwan sanyi.

Larabar da ta biyo, bayan an gama zubi, muka ajiye gorar jabel a tsakiyar tabarma. Shekara nawa muna saye, muna wanke fararen kaya da shi, amma babu wadda ta taɓa karanta abin da ke jikin gorar. Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci muka matso. Rubutun na Faransanci ne, amma lamba ai ba ta da yare. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: 2,6%. Wannan lambar ita ce ƙarfinsa. Akwai wani mai kauri da ake sayarwa cikin ƴar leda, an rubuta 9,6%, ya kusan ninka wancan sau huɗu. Shi sai an juye ledar a gorar lita guda an cika da ruwa kafin ya dawo daidai da na farko. Wanda kuma ake ɗurawa a tsofaffin gorunan lemo a kasuwa, babu takarda babu lamba, ba mai iya ce miki ga ƙarfinsa. Wata tsohuwa cikinmu ta yi dariya ta ce: "Ashe mu da ba mu yarda a ba mu hatsi ba tiya, mu ne munka yi shekaru muna zuba wannan abu da ka!"

Maganarta ta zauna mana. Mu mata masu asusu, dala guda in ta ɓace sai an kwance lissafi an sake. Me ya sa abin da zai shiga cikin ɗiyanmu ne za mu yi ma awon ido? Daga ranar muka rubuta ƙa'ida a bayan littafin zubi. Ga ta, ga mai so ta kwafa. Duk awon nan na jabel mai 2,6% ne, wanda ba a sa ma turare ba.

Na farko, wanki kafin jabel. Jabel ba ya cire dauɗa, dauɗa ce ma ke cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta. Ko baho ne, ko bido, ko tano, ko tanki, a fara gurzawa da soso da sabuni ko omo har santsin ya fita, a ɗauraye tas. Sannan a dama cokalin miya guda na jabel a kowace lita ta ruwa, a shafe ciki da shi ko'ina, a bari ya ɗan jima, a sake ɗaurayewa. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Tanki kuwa daga waje ake tsayawa, da buroshi mai dogon icce.

Na biyu, ruwan sha. Bido mai lita 20 na ruwa garai, rabin ƙaramin cokalin shayi ya ishe shi. A rufe, a girgiza, a jira minti 30 cif. In an buɗe, ya kamata a ji ɗan ƙanshin jabel sama-sama. In babu ko kaɗan, a ƙara irin awon farko a sake jira. Tano mai lita 200 bido goma ke nan, wato cokalin shayi biyar. In ruwan ya yi gurɓi, irin na tabki ko na rijiya da damina, a bari ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta tukuna. Mai samun ƙwayar Aquatabs ta fi hutawa, don an riga an auna mata, sai dai ta duba takardar ta ga lita nawa ƙwaya guda ke ɗauka. Mu a bido muke sa magani, in ya yi minti talatin ɗinsa sannan mu juye a randa don ya yi sanyi. Kuma mun daina tsoma moɗa da hannu a randa: ludayi mai dogon hannu muka rataye, randa kuma da faifanta a rufe.

Na uku, bahon yara. Nan ne muka fi mamaki, don mun zaci za a ce mu riƙa ɗiga jabel a ciki. A'a. Yara na shiga da ƙasa a ƙafa, wani ya yi fitsari, rana kuma na dukan ruwan, ƙarfin maganin ba ya daɗewa, kuma ba mu da abin auna saura nawa ya rage. In an yawaita, ido da fatar yaro ne za su biya. Maganin baho shi ne a zubar da ruwan kullum da marece, a wanke, a kife shi a rana ya bushe ƙarau. Ruwan ba asara ba ne, gindin zogala da lemo muke kai shi. Yaron da ke zawo ba ya shiga tare da sauran. Kuma ko ruwan bai wuce tafin hannu biyu ba, ba a barin mai rarrafe shi kaɗai kusa da shi ko na ƙiftawar ido.

Na huɗu, tankin garka. Wannan ruwan shuka ne, ba na sha ba, ba na iyo ba. Ba mu zuba masa jabel. Muna kwashe shi mu gurje duk sati biyu. Mun cire jika 6 daga riba mun yi masa marfi da kwaɗo. Yaran sun yi fushi kwana biyu, suka huce.

Na biyar, ajiya. Zafi da hasken rana na kashe ƙarfin jabel, don haka a inuwa ake ɓoye shi, a sama inda hannun yaro ba ya kai, cikin gorarsa ta asali. Masu haɗa sabuni, ku raba shi da sodarku. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kurkure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan, a ruga likita da gorar a hannu. In ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15.

Ba mu ce daga nan ciwo ya ƙaura daga garinmu ba, lafiya ta Allah ce. Amma akwatin taimako ya dawo da nauyinsa, kuma da damina ta zo ba mu kwana muna zullumi kamar da ba. Yanzu ƙungiya ke sayen jabel mai takarda a kanti, a raba ma kowa, kuma kowace mace na da ɗan cokalinta na roba da ba a shan komi da shi.

Yayar tamu da ta sha wuya, ita muka naɗa mai kula da awo. Ran nan wata sabuwar shiga ta zuba rabin cokali a bido, ta dubi ruwan, ta ce: "Yaya, anya wannan ɗan mitsitsin zai yi? Bari in ƙara kaɗan." Yaya ta kama hannunta, ta dafa ƙirjinta da ɗaya hannun, ta ce: "Ƙanwata, 'a ƙara kaɗan' ɗin nan shi ya hau da ni amalanke. Rufe bidonki, ki jira minti talatin."

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a zubinmu. Sai wata fitowa.