Tsakanin Tattali da Maneji

A shekarata ta biyu a Jami'ar Bayero, inda na karanci Turanci, wani malaminmu ya rubuta mana bayanau huɗu a allo: cheaply, thriftily, frugally da sparingly. Ya ce kowa ya nemo takwarorinsu a harshen da ya tashi da shi. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Na rubuta "da arha" a gaban na farko, na maimaita a gaban na biyu, daga nan alƙalami ya cije.

Da daddare a gidanmu da ke Hotoro na tarar da Umma tana jiƙa ƙanzo, na gaya mata matsalata cikin raha, ba don ina sa ran amsa ba, domin ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce arha a kasuwa take, ba a hannun mutum ba. Tsimi shi ne ka rage hannu a kan abin da kake da shi. Tanadi ka ajiye saboda gobe. Tattali kuwa ka riƙe abu da kulawa don ya daɗe, shi ya sa ake tattalin yaro, ake tattalin aure, ake kuma tattalin guntun sabulu. Na ce, "To rowa fa, Umma?" Ta ce, "Rowa ita ce ka yi tsimi da cikin wani alhali kana da shi."

Hausa ba ta da ɗan wutsiyar nan da Turanci ke liƙa wa kalma ta koma bayanau. Sai dai mu ce "da tsimi", "cikin tattali", ko mu ninka mu ce "kaɗan-kaɗan". Wannan kaɗai na ƙara daga kaina. Sauran duk nata ne, kuma ni aka ba makin.

Akwai kalma ɗaya da ba ta sa a lissafinta ba, wato maneji, wadda muka aro daga Turanci. A wurinta maganar bakanike ce, wanda zai dubi tayar da ta suɗe ya ce a yi maneji da ita zuwa Wudil.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa ya sanar da janye tallafin man fetur. Ina shekarar ƙarshe, yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 ya riga ya ja mana lokaci. Mu da muka girma muna kallon tankoki a layi a bakin daffon mai na Hotoro, kusancin bai rage mana ko kwabo ba. Daga gidanmu zuwa sabuwar jami'a a titin Gwarzo ratsa gari ne sukutum, kuma kuɗin adaidaita sahu ya tashi a kowane zango. Baba ɗan fansho ne. Gas ya koma gawayi, awon kwano ya koma na gwangwani, man gyaɗa ya koma ƙullin leda. Amma kullum da safe kuɗin motata na nan a kan taga, an danne su da kofi.

Ban tambayi inda suke fitowa ba, kuma wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na lura dai azumin nafila ya yawaita wa Umma, ya wuce Litinin da Alhamis, in kuma ba ta azumi sai ta ce ta ci a madafi. Wata rana na dawo da wuri na ji ta a waya da ƙanwarta da ke Gyaɗi-Gyaɗi. An tambaye ta gida, ta yi ɗan jim, sannan ta ce, "Muna dai maneji."

Na tsaya a soro na kasa shiga. Tsimi da tanadi da tattali duk suna bukatar a ce akwai abin a hannu, komai ƙanƙantarsa. Maneji kuwa sunan abin da ake yi ne idan bai kai ba, kuma dole wani ya cike giɓin da jikinsa. Ina ganin shi ya sa muka karɓi kalmar hannu bibbiyu: baƙuwa ce, tana faɗin babu ba tare da ta tona asirin gida ba. Daga ranar na fara sauka a Tarauni ina ƙarasawa a ƙasa, ina mayar da canjin ƙarƙashin kofin. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma haka.

Yanzu ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi. Da albashina na farko na biya kasuwar Tarauni na auno shinkafa tiya biyu da wake tiya ɗaya. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana, ta dai ce, "Kai yaron nan, Allah ya yi albarka." Sai ta ɗauko tsohon gwangwanin madara, ta cika shi sau uku, ta juye a wata roba mai murfi, ta tura ƙarƙashin gado, sannan ta ɗora tukunya.