Gidan Waya: Su Sun Yi Gangami, Mu Mun Yi Shiru

Duk wanda ya yi wayo kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ya san ranar da jakar wasiƙu ke isowa gari. A garuruwan da ke bakin layin dogo jirgin ƙasa ne ke sauke ta, a na nesa kuwa motar kasuwa ce, ko masinja mai keke da ya ɗaure ta a kariya ya taho yana gumi tun daga babban gari. Kafin a karya hatimin jakar mutane sun cika baranda: malamin makaranta mai jiran takardar ƙarin girma, tsohon soja mai sauraron fansho, dogarin da aka aiko ya karɓo wasiƙun fada, da yaron da uwarsa ta turo ya ji ko yayansa da ke ci-rani a Ikko ya tuna da gida. Ba kowa ke samun wasiƙa ba, amma kowa na komawa da labari.

Yau akwai magidanta masu iyali da ba su taɓa manna kan sarki a jikin ambulan ba.

Ku da kuka ga zamanin, kun tuna mai rubuta wasiƙa da ke zama a gindin bishiyar ƙofar gidan waya da ɗan teburinsa da alƙalami, yadda dattijo zai durƙusa kusa da shi ya rage murya, ya fara da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ya gaida kowa da sunansa har jaririn da aka haifa bara, sai can ƙarshen takarda ya faɗi abin da ya kawo shi, cewa damina ta yi gardama, ko an sa ranar auren ƙanwa kuma ana bukatar taimako. Amsa kan ɗauki mako biyu ko uku. In ta zo, ɗan makaranta ake kira ya karanta a zaure, in da ajami aka rubuto kuwa sai a kai wa malam. Saƙon gaggawa shi ake buga wa wayar tangarahu, ana ƙirga kalmomi ana biyan kuɗinsu, shi ya sa ba a ɓata baki a ciki, kuma in aka ce an bugo wa gidan wane waya, gaban kowa sai ya faɗi kafin a buɗe.

Ta tagar gidan waya kuɗi ke shigowa ƙauye. Ɗan ci-rani a Sabon Ibadan ko zangon Kumasi zai sayi takardar kuɗi ta gidan waya ya sa a ambulan, mahaifinsa ya je da mai shaida ya dangwala yatsa ya karɓa. Ta nan ilimi ma ya shigo wa mutane da dama: akawu da malaman firamare da suka yi karatu ta wasiƙa da makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College a Ingila, suna aika amsa ana dawo musu da ita da gyaran jan biro, har suka ci jarrabawar da ta kai wasunsu jami'a. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da wasiƙun masu karatu ta yi ƙarfi. Sashen Hausa na BBC, tun buɗe shi a 1957, takardun masu sauraro ne suka nuna masa cewa ana jin sa a Maraɗi da Garwa da Tamale. Su kuwa 'yan zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna, abota sukutum suka ƙulla da mutanen da ba su taɓa gani ba, da kati da kan sarki kawai. Akwati ɗaya, na makarantar firamare, kan ishi ƙauye guda, a rubuta sunan mutum sannan a ce ta hannun hedimasta.

Abin ba da mu ya faro ba. Turawan Ingila ne suka buɗe gidan waya na farko a Legas a 1852, na Lokoja ya biyo a 1899, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai wasiƙa ta daina tafiyar makonni a kan masu gudu da jaka. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 ƙasar na da manyan gidajen waya 176, da wakilai kusan 1,000. Waɗannan wakilai su ne talaka ya fi sani: ɗan tireda ko malamin gari da aka ba izinin sayar da kan sarki da karɓar wasiƙu a shagonsa. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar P&T, wasiƙu suka koma hannun NIPOST, tarho ya koma NITEL.

Ba komai ne zuma ba. Wasiƙa kan ɓata, ambulan mai kauri kan iso a buɗe, kuma matar da ba ta iya karatu ba dole ta miƙa sirrin mijinta ga yaron maƙwabta. Da salula ta zo, uwa ta ji muryar ɗanta da kunnenta, ba wanda zai ce mata ta koma jiran jaka. Abin da ke damuna shi ne yadda muka bar gidan ya tafi gaba ɗayansa, da abin da salula ta maye da wanda ba ta maye ba, ba tare da ko mutum goma sun taru a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma sun tambayi dalili ba.

A Ingila, daga inda aka kawo mana tsarin, ba haka aka yi ba. Su ma ciniki ya ja baya. Daga 2003 gwamnati ta koma zuba fansho da kuɗin tallafi a asusun banki maimakon a karɓa a gidan waya, masu shiga suka ragu, asara ta kai kimanin fam miliyan 4 a kowane mako. Da mutane suka hango inda aka dosa, a watan Oktoba na 2006 ƙungiyar masu riƙe da ƙananan gidajen waya ta kai takardar koke ofishin firaminista ɗauke da sa hannun mutum miliyan 4. Duk da haka a 2007 gwamnati ta tabbatar za ta rufe rassa 2,500 daga cikin kimanin 14,000, aka ba kowane yanki mako shida ya faɗi ra'ayinsa. A cikin makonnin nan tsofaffi masu dogara sanda suka fito da kwalaye, aka cika ɗakunan taron ƙauyuka, aka auna nisan tafiya zuwa reshe na gaba, aka ƙirga motocin haya nawa ke zuwa can a yini, aka rubuta wa 'yan majalisa har sai da wasu ministoci suka fito suna kare rassan mazaɓunsu. Hujjar mutanen ɗaya ce: a ƙauye gidan waya shi ne banki, shi ne ke riƙe da shagon da ya rage, kuma mai tsaron tagarsa ne ke fara lura in wata tsohuwa ta kwana biyu ba ta leƙo ba.

Ba su yi cikakkiyar nasara ba, domin an rufe mafi yawan rassan da aka lissafa. Amma gangamin bai tafi a banza ba. An kafa ƙa'idar cewa kashi 99 cikin 100 na jama'ar ƙasar su kasance ba su wuce mil 3 daga gidan waya ba. An samar da wurare kusan 500 da ake kai wa hidima da mota ko a ɗakin taron gari a wasu ranaku. Hukumar gundumar Essex ta sa kuɗinta ta sake buɗe wasu rassan da aka rufe, a wasu ƙauyuka kuma mutane suka haɗa hannu suka sayi shagon suka ci gaba da gudanar da shi. A Nuwamba 2008 gwamnati ta fasa ba wani kamfani kwangilar katin biyan fansho, ta bar shi a gidan waya. Har yau suna da rassa kimanin 11,500. A Amurka ma da aka fitar da jerin gidajen waya kusan 3,700 da ake nazarin rufewa a 2011, kukan mutanen karkara ya sa a 2012 aka koma rage lokutan aiki maimakon kulle ƙofa.

Su an manna musu sanarwa da ranar rufewa, sun san abin da za su yaƙa. Mu ba wanda ya manna mana komai. Jaka ce ta koma zuwa sau ɗaya a mako, sannan sau ɗaya a wata, wakili ya tsufa ya rasu ba a naɗa wani ba, makullan akwatuna suka yi tsatsa, iska ta yaye kwano ba a mayar ba. Kamar rijiyar da aka daina ja ne, ba wanda zai iya faɗin ranar da ta ƙafe.

Ku yaran yanzu za ku ce me aka rasa, ga WhatsApp, ga mai POS a kowace kwana. Ku tambayi wanda zai aika takardar shaidar karatu ta asali daga Gumel zuwa Fatakwal. Tasha zai je ya ba direba, ya rubuta lambar waya a jikin ambulan, ya biya abin da aka yanka masa, ba rasit, ba rajista, in ta ɓata sai haƙuri. A da kuɗin kan sarki ɗaya ne, ko wasiƙar Kaduna za ta, ko wani ƙauye a bayan Nguru, kuma ta rajista sai an sa hannu a kowane zango. Kamfanonin kai saƙo na zamani suna aiki, amma iyakarsu birane, inda riba take. Mai POS kuma yana cirar ladansa a kan kowace dubu, daga kuɗin tsohuwar da ɗanta ya turo mata na magani.

Ginin gidan waya yana nan a hedikwatar ƙananan hukumomi da yawa, a tsakiyar gari, a fili mai kyau, kuma har yanzu mallakar jama'a ne. Ƙungiyoyin ci-gaban garuruwanmu sun iya rubuta koke, sun iya kai tawaga gidan gwamnati a kan taransifoma da rijiyar burtsatse da gyaran asibiti. Gidan waya ba ya cikin jerin, kuma a wasu garuruwan an riga an yanka harabarsa an yi shaguna.