Fim Ɗin da Ya Tuna Mini da Baƙuwata

Tun da aka yi mini aure na rage kallon finafinan Indiya, hidimar yara ba ta bar ni ba. To amma ƙanwata ta zo mini hutu nan Batsari da wani fim a wayarta, muka kalla da daddare bayan yara sun kwanta, tana karanta rubutun ƙasa tana fassara mini. Sunansa Raazi, ya fito a 2018, kuma mace ce ta ba da umarninsa, Meghna Gulzar. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Labarin ya faru ne a 1971, gab da yaƙin Indiya da Pakistan. Wata ɗaliba Musulma 'yar Kashmir mai suna Sehmat, mahaifinta yana kan ciwon ajali ya aurar da ita ga ɗan wani babban sojan Pakistan, don ta zauna a gidan tana aika wa Indiya sirrinsu. Alia Bhatt ce ta fito a matsayin amaryar, Vicky Kaushal kuma shi ne angon, Iqbal.

'Yar uwa, yarinyar nan ta iya. Za ki gan ta a tebur tana zuba wa surukinta abinci kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, irin amaryar da kowace uwar miji ke addu'ar samu, alhali kunnenta na kan hirar da maza ke yi. Ba ta zare ido ko yin wani kallon makirci da zai sa mai kallo ya gane. Sai ta shige banɗaki ta kulle ƙofa, wurin da ta ɓoye na'urar aika saƙo, sannan za ki ga numfashinta ya sauya, hannu na rawa. Inda ta fi karya mini zuciya shi ne bayan ta take tsohon baran gidan, Abdul, da mota saboda ya gano ta. Ta dawo ta sakar wa kanta ruwa tana kuka, tana danne sautin kada a ji. Da gari ya waye kuma ga ta nan, amarya. An ba ta kyautar Filmfare ta gwarzuwar jaruma a 2019, kuma ni dai ban ga son kai a ciki ba.

Shi kuwa Vicky Kaushal, a ganina an rage masa yabo. Aikinsa ya fi wuya, domin babu ihu babu faɗa, mutumin kirki kawai aka ce ya zama. Ranar da ya gane wace ce matarsa, fuskarsa kaɗai ta isar da saƙo. Ƙanwata tana tausayin Sehmat, ni kuwa shi nake tausayi.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Ke da ba ki zauna a yankinmu ba, sai dai ki ji a rediyo. A watan Fabrairun 2020 aka shiga ƙauyukan Tsauwa da Dankar aka kashe mutum 30. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwarara cikin gari, kalmar infoma kuma ta cika bakin kowa daga nan har Safana: wa ke gaya wa 'yan dajin Rugu wanda ya sayar da shanu, wa ya nuna gidan wane? Har ta kai a watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, mu ma muna ciki, don a toshe wa irin waɗannan mutane hanya.

Kafin katse layin, maigidana ya ba wata mata da ta gudo daga ƙauye ɗakin soro, ita da yara biyu. Ba ta da surutu, ba ta haɗa ido da mutane, in an tambaye ta ina mijinta sai ta ce yana nan zuwa. Da tsakar dare nakan ji ta a bayan ɗaki tana waya cikin raɗa. Uwargida, ke ma kin san abin da zuciya za ta saƙa. Ban ce mata komai ba, amma na hana yarana shiga ɗakinta. In ta shigo tsakar gida sai in yanke hira. Mafi muni, na faɗa wa maƙwabciyata guda ɗaya, "ke kaɗai na gaya wa", kuma kin san inda irin wannan magana ke ƙarewa. Mata suka daina sayen ƙuli-ƙulinta.

Sai da aka katse layi ta zo ta durƙusa a gabana, ta ce, "Hajiya, don Allah ki ara mini kuɗin mota zuwa Katsina." A can ne kawai za ta samu sabis. Ashe mijin nata yana hannun 'yan daji, wayar dare da su take yi da 'yan uwansa ana cinikin kuɗin fansa, kuma an gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa. Na ba ta kuɗin, amma ban iya gaya mata abin da na yi ba. An sako shi daga baya, suka koma wajen danginsa.

Shi ya sa da nake kallon Alia Bhatt tana murmushi a gaban surukanta, fuskar baƙuwata nake gani. Wadda ta shigo da cuta da gaske a fim, an horar da ita yadda za ta shiga ran kowa, duk gidan ba wanda ya zarge ta sai tsohon bara guda. Tawa kuwa da ba ta iya komai ba sai tsoro, ita ce ta yi kama da mai laifi. Tun muna yara ake ce mana zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle nawa da bai zama ba. A garin da rai ke rataye da kalma ɗaya, da maganata ta kai kunnen wasu samari masu zafin kai, Allah kaɗai ya san abin da zai faru da ita da yaran nan biyu.

Washegari na nemo lambarta wajen maigida. Na kira sau uku ina kashewa kafin ta shiga. A na huɗu ta ɗauka, ta yi ta murna tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na ce mata akwai maganar da nake so in faɗa, kuma ina neman ta yafe mini kafin in fara.