Ɗinkin Ɓaraka Tun Tana Ƙarama

Na daɗe ina hana kwamfutata sabunta manhajarta da kanta, domin a Maraɗi kuɗin data ba abin wasa ba ne. Kullum nakan ce sai ƙarshen wata, watan kuma ya shuɗe ban waiwaye ta ba.

Harin WannaCry na 12 ga Mayu, 2017 ne ya farkar da ni. Ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har wasu asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Alhali kuwa kamfanin Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris. Da na duba tawa, wadda kundin bincikena kaf yake cikinta, sai gabana ya faɗi, domin ita ma ba ta da shi.

Tun daga ranar na raba abin gida biyu. Facin tsaro, wanda Windows ke samu a Talata ta biyu ta kowane wata, na bar shi ya riƙa sauka da kansa, ko nawa zai ci. Facin gaggawa na wata matsala ta musamman kuwa, ba na ɗora shi da hannuna sai matsalar ta same ni, shi ma sai na kwafe kundina a wani wuri tukuna.