Wata Lahadi a Damagaram

A hutun lakwal na ƙarshen shekara, Allah cikin ikonsa ya nufe mu da kai yara Damagaram su gaida kakarsu, bayan mun shekara uku ba mu taka garin ba. Tafiyar ba ƙarama ba ce, kusan kilomita 900 daga Yamai, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Tasawa. Ba mu tsaya ba sai don salla, sai kuma a Galmi, inda muka sayi buhun albasa don kada mu shiga gida hannu rabbana. Kwana tara muka yi, amma labarin yini guda muke so mu ba ku, wato Lahadin farko.

Gidan Hajiya yana cikin Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, inda lunguna suke kewaya manya-manyan duwatsu, kuma har yanzu mutum yana iya ganin ragowar ganuwar da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye garin da ita. Duwatsun nan da baƙo yake tsayawa yana ɗaukar hotonsu, su ne tushen wahalar mutanen gari, domin Zinder a kan dutse take zaune, ruwan sama ba ya samun wurin kwanciya a ƙarƙashinta, daminar kuma gajera ce. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi mazaunin mulkinsu a 1911, amma a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan ƙaurar. Har gobe daga nesa ake jawo ruwan famfo, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma ba kullum yake isa kowace unguwa ba. Ranar da muka sauka, famfon gidan ya kwana huɗu bai ɗiga ba.

To, a irin wannan gida ne Hajiya take da lambu. Kada mai karatu ya zaci fili ne. Jerin gwangwanaye ne da fasassun bokitai da rabin bido da tsohon daro, an jera su gindin katangar gabas, ƙarƙashin rumfar zana, wasu kuma a bakin tagar ɗakinta. Akwai na'ana'a da ɗoɗɗoya da barkono da yakuwa da lawashin albasa. A ƙasa kuwa, can kusurwa, itacen zogale biyu ne da lalle guda. Zogalen ba ta barinsa ya wuce tsayin mutum, da ya miƙe sai ta sa a sare kansa, ya yi rassa ta gefe, ganye ya yawaita inda hannu yake kaiwa.

Da asuba babban ɗanmu ya cika buta fal, ya tsuguna bakin rariya zai yi alwala kamar yadda ya saba a Yamai. Muryar Hajiya muka ji daga ɗaki: “Kai maigida, tashi daga nan! Haka za ka riƙe ni, kana zubar mini da dukiya a kwararo? A gidan nan ruwa ba ya fita sai ya yi aiki biyu.” Ta nuna masa wani faffaɗan dutse da aka girka bakin daro. A kansa kowa yake tsugunawa, ruwan ya taru a daron, in gari ya waye a raba wa shuke-shuke. Yaron ya ƙarar da butarsa kafin ya kai ƙafa, sai Yaya, wanda shi ne babba a gidan, ya tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) da mudu guda yakan yi alwala, wato abin da bai kai lita ɗaya ba. Yaron ya san wannan tun a makarantar allo, kuma mu ma mun sani. Kunyar da muka ji ta fi tasa, domin a gidanmu ne ya koyi sakin famfo.

Kowane ruwa da inda yake zuwa. Na alwala na na'ana'a ne da sauran ganyen da ake ci ɗanye. Ƙasarin gero na awaki ne, ba mai taɓa shi. Ɗaurayar kwanuka ta ƙarshe tana zuwa gindin zogale da lalle. Ruwan sabulu kuwa ba ya kusantar shuka, da shi ake yayyafa tsakar gida don ƙura ta kwanta.

Sai dai akwai magana a ƙasa. Tun daren da muka iso Yaya ya ja mu zaure ya kai ƙara. Shi yake biyan ƴan ga-ruwa duk ranar da famfo ya ƙi, kuma ya lura in ruwan daro bai isa ba, Hajiya takan faki ido ta ƙara da na bido. Ya ce da ɗari abin da sauƙi, amma in bazara ta kama, kuɗin bido ya hau, gidan mai mutum goma sha ɗaya ba zai iya shayar da gwangwani ba. Shi ɗan fari ne, Hajiya ko sunansa ba ta faɗa, ba ya iya tsayawa gabanta da irin wannan zance. Ya roƙe mu mu da muke baƙi mu yi mata magana. Muka ga gaskiyarsa, muka amsa.

Da hantsi muka kama hanyar Mirya, domin Lahadi ce ranar kasuwarta. Garin yana gabas da Zinder, kilomita 18 a kan hanyar Gure. Tafiyar ƴar kaɗan ce, amma sai ka ce wata ƙasa aka shiga: ga kukoki masu kauri, ga garake kore shar, ruwa kusa, mai lambu yana ja da guga ba tare da doguwar igiya ba. Yaran suka yi tsit suna kallo. Ƙaramarsu ta tambaya me ya hana Kaka ta dawo nan da zama, muka ce ta tambaye ta da kanta in mun koma.

Hajiya ba ta ba mu takarda ba, da baki ta lissafa, kuma ta ce kada mu sayi kome sai mun zagaya sau ɗaya. Wanda ya zagaya kasuwar nan ya zagaya rabin Nijar. Ga busasshen jan tattasai na Diffa, daga bakin kogin Komadugu. Ga gishirin Balma da dabinon Kawar, waɗanda suka ratso Tenere kafin su iso. Ga kanwa daga ƙasar Manga, ga rake, ga gero ana awo da tiya, ga garin kuka, ga daddawar batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, warinta yana riga mai ita sallama. Muka auni gero tiya uku da tsakin masara, muka sayi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da nono, da dashen salati da na tumatir an naɗe saiwarsu cikin jiƙaƙƙen tsumma.

A wurin mai ƙuli-ƙuli ne ɗiyarmu ta ba da mu. Matar ta ce mata dala ashirin, yarinyar kuwa, da yake da Faransanci take lissafi a lakwal, sai ta miƙa tamma ashirin cif tana jiran a ba ta kaya. Matar ta dubi kuɗin, ta dube mu, ta ce, “Alhaji, wannan ɗiyar taku daga wace ƙasa?” Aka yi dariya. A tsaye a wurin muka koya mata cewa dala tamma biyar ce, dala ashirin ɗari ke nan. Dariyar ba ta kai mana ciki ba, don yarinya mai shekara tara, Bahaushiya, ta kasa sayen ƙuli-ƙuli da harshen uwarta.

Saƙon Hajiya na ƙarshe yana wurin masu tukwane, waɗanda Mirya ta yi suna da su. Ta ce mu tambayi waɗanda suka tsage a wuta, ana sayar da su da araha, su ne gidajen shukarta. Ta kuma ce mu zaɓo ƙaramin tulu lafiyayye guda, wanda ba a shafe shi da kome ba. Sai da muka koma muka ga amfaninsa.

Muka iske mata sun zage zogale cikin faifai, an hura wuta. Dambu za a yi, kuma a gidan nan ba a yi masa gaggawa. Aka wanke tsakin, aka tsane shi, aka zuba a madambaci bisa tukunyar ruwa mai tafasa. Goggo ta kwaɓa garin kuka, ta shafa a tsumma, ta naɗe mahaɗar tukunya da madambaci don kada tururi ya sami hanyar tserewa. Da ƙamshi ya tashi aka juye a babbar ƙwarya, aka wargaza, aka yayyafa ruwa kaɗan, sannan aka zuba zogalen da albasar Galmi da tattasai da gishiri, aka mai da shi wuta karo na biyu. Hajiya tana zaune a tabarma, ba ta taɓa ludayi ba, amma ita ta ce a sauke, daga jin ƙamshi kawai. Aka kwarara man gyaɗa da aka soya da albasa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji. Yaran da a Yamai sai an yi da gaske suke cin ganye, sai ga su suna rigimar ƙanzo. Ruwan da ya rage a ƙasan tukunya ma ba a zubar ba, aka ajiye shi ya huce.

Bayan la'asar aka yi dashe. Ta sa jikokin suka huda gindin tukwanen, suka shimfiɗa tsingaro, suka cika da yashi haɗe da kashin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe, domin sabo ƙone saiwa yake yi. Ta ce ba a ban ruwa da tsakar rana, kuma in ƙwari suka sauka toka ce maganinsu. Shi kuwa lafiyayyen tulun, rami aka haƙa masa tsakanin zogalen biyu, aka binne shi har wuya, aka cika, aka rufe bakinsa da tasa. Jikin yumɓun ne yake tsattsafo da ruwan a hankali zuwa ga saiwa, rana ba ta samun rabonta. Muna cikin wannan aiki akuya ta kwance, ta cinye rabin dashen salatin da ke jira a inuwa. Yara suka bi ta da gudu. Hajiya ta ce su ƙyale ta, abin da dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce. Yaya ya ce daga bakin zaure, a hankali, sadakar dai da kuɗinsa aka saye ta.

A nan muka ga hanya, muka shigar da maganar, muna ta kewaye-kewaye. Ta bar mu muka gama. Sannan ta ce ta san wanda ya aiko mu, kuma ba ta ce ya yi ƙarya ba. In bazara ta yi tsanani ita da kanta take barin salati da tumatir su mutu, ta tsira da zogale da lalle da gwangwanin na'ana'a guda. “Amma ku duba,” in ji ta, “gwiwa ta hana ni kasuwa, ta hana ni gidan suna da gidan gaisuwa. Samarin da ke dafa shayi a kwararon nan wurina suke zuwa neman na'ana'a. Mai jego tana aiko a zage mata zogale. Ana shirin biki a zo tsinkar lalle. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaya mini abin da gari yake ciki. In kun kwashe gwangwanayen nan, wa zai yi sallama?” Ba mu sami abin cewa ba. Ƙaramar ta ga an yi shiru, sai ta kawo tata tambayar ta komawa Mirya. Hajiya ta ce, “Kishiya, so kike in tafi ki gaje ɗakin?”

Da dare muka gaya wa Yaya yadda aka yi. Muka ce za mu riƙa aiko da wani abu daga watan Maris zuwa saukar damina, a ƙara a kuɗin ruwa. Ya ce ba roƙo ya yi ba, muka ce mun sani. Ba a rufe zancen ba, barci ne ya raba mu.

Wajen ƙarfe uku na dare famfo ya fara huci, sannan ya yi tari, sai ga ruwa siriri. Nan da nan gida ya tashi, babba da yaro, kowa da abin da ya raruma. Aka cika randuna, aka cika bidoji, har tukunyar dambu da butocin salla. Ɗanmu ya tsaya riƙe da tiyo, sanyi yana kaɗa shi, bai bari ko ɗigo ya faɗi ƙasa ba. Bai fi awa guda ba ruwan ya ɗauke. Muna komawa ɗaki muka hangi haske a kusurwar zogale. Hajiya ce a duƙe da moɗa tana ƙara wa tulun da aka binne, Yaya yana tsaye a kanta riƙe da tocila, yana cewa, “Hajiya, ya isa haka, ai ɗazu aka cika shi.”